Kiɗan Bayan Bango

Ranar Juma'ar da ta wuce Nura da abokansa suka zo ɗakina a unguwar Ulaisha duba kayan kiɗan da zan rabu da su. Nura ɗan maƙwabcina ne, a nan Riyad aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa tsayuwa. Ya zagaya lasifikokin yana ƙwanƙwasa su kamar mai zaɓen kankana, ya ɗaga miksa ya juya ta, sannan ya ce, "Wallahi Kawu Ilu, shugul ɗin nan sahal ne. Ka jona waya, ka danna, halas. Ina abin wahala a ciki?" Wai aikin mai sauƙi ne. Abokansa suka yi dariya. Ban tanka masa ba a lokacin, don in na buɗe baki a kan wannan magana raina ɓaci yake yi. Amma zamana a garin nan ya zo ƙarshe, an riga an buga mini huruj, bizar fita da babu dawowa. To bari in ba ku amsa, ku samarin da kuka tarar da ƙofa a buɗe.

Ni direba ne a takarda. Abin da aka rubuta a iƙamata ke nan, wato katin zaman ƙasa: direban gida. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takarda, wani Balarabe ne mai haƙuri da ake kira Abu Fahad, aikina kuma in kai matarsa Ummu Fahad kasuwa da asibiti da gidajen 'yan'uwa, in kai yara makaranta in ɗauko su. Juma'a bayan an sauko daga masallaci tawa ce. A cikin wannan ɗan lokacin na yi sana'ar da ta zame mini sana'a ta gaskiya, wato saka wa mata kiɗa a yinin biki. Da an kama ni a kanta sai tarhil, a tsare mutum sannan a sa shi a jirgi da kayan jikinsa. A Funtuwa kuwa ina da mata da 'ya'ya da tsohuwa, dukansu da wannan kati suke ci. Ku riƙe wannan a ranku, don duk abin da zan faɗa a kansa yake rataye.

Aikin farko da na je, a wata istiraha ce kudu da Aziziya, irin gidajen nan masu doguwar katanga da ake haya don taro. Wanda ya kai ni shi ne Baba Gambo, mutumin Gusau, gajere, mai furfura a gefen kai da saurin fushi. Shi ya koya mini komai. Yana da wata tsohuwar bas da ake cire kujerun bayanta, mu kwantar da lasifikoki da amfilifaya, mu rufe da bargo, sannan mu jera kwalayen tumatir da albasa a sama. Duk wanda ya leƙa sai ya ga 'yan kai kayan miya. Muka isa tun kafin mace ko ɗaya ta iso, muka kafa lasifika a kusurwoyin zauren, muka bi jikin bango da waya muna manne ta da salatif, har muka zura ta ta ramin na'urar sanyaya ɗaki zuwa wani ɗan ɗakin ajiye tukwane da ke bayan zauren. Babu taga. Baba Gambo ya ja ƙofa ya rufe.

Na ce, "Baba, to ta ina za mu riƙa ganin masu rawar?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Gani? Ka zo ƙasar nan ka ce za ka ga matan mutane suna rawa? Kai yaro, gajiya ka yi da zaman Riyad?"

"To ta yaya za mu san abin da suke so?"

Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da wata baƙar safa mai nauyi. A cikinta akwai ƙaramin makirufo, an naɗe shi da auduga. Ya koma zauren ya ɗaga bakin kafet daidai inda za a yi rawa, ya kifa shi a ƙasa, ya rufe. Ya ce, "Wannan shi ne kunnen ƙasa. A kife ake sa shi, a cikin safa, don kada ka ji hirar mata. Hirarsu ba taka ba ce, amana ce. Ƙafa kawai za ka ji, sai guɗa, ita babu abin da ke tare ta."

Kusan shekara na yi ban taɓa miksa ba. Naɗe waya da ɗaukar kaya, sai kuma in zauna ya ɗora mini hedifon a kai yana yi mini tambaya. "Su wa ke fili?" In ce tsofaffi ne. Ya ce, "Ƙarya kake. Masu goyo ne. Ba ka ji suna tausaya wa diddige ba?" Idan an tashi sai ya tambayi Inna Kande a gabana, ta ce ƙwarai kuwa, masu goyo ne suka fito a waƙar. Inna Kande ita ce tamu a ciki, wata dattijuwa Badamagariya mai muryar da ke tsaga bango. Ita ke tsayawa a ƙofa ta karɓe duk wayar da ke da kyamara, ta zuba a kwando, ba za a mayar wa mace ba sai za ta fita. Ko matar wane ce. Saboda haka in an rufe ƙofar nan, mata sukan cire abaya su ajiye kunya a gefe, su taka iya ƙarfinsu, don sun san babu idon da zai fita da su waje.

A hankali kunnena ya buɗe. 'Yanmata a kan yatsu suke rawa, takunsu yana da yawa amma ba nauyi. Matan aure da dukan tafin ƙafa suke dukan ƙasa. Tsofaffi ba sa ɗaga ƙafa, jan ta suke yi, ka ji shuu, shuu, kamar ana share tsakar gida. Idan taku ya fara raguwa daga gefe, waƙar ta ishe su, ka sauya kafin tsakiya ma ta watse. Idan taku ya taru wuri ɗaya ya tsaya cak amma guɗa na tashi, liƙi ake yi, kada ka kuskura ka taɓa komai. Kuma ba a farawa da zafi. Wanda bai iya ba shi ke buɗe taro da waƙar da ta fi kowacce daɗi, sai mata su ƙone tun kafin la'asar, ya rasa abin da zai tashe su da shi bayan an ci abinci. Da kiɗan ƙwarya ake jawo manya, a ba su haƙƙinsu, a shiga kalangu, a ɗan ratsa da na Sudan saboda surukai, sannan a saki na fiyano irin na finafinai wa 'yanmata. Nura, wannan ne kake cewa a danna.

Aikin kunnen dama ke nan. Na hagu kuma rediyo ce ke cikinsa. Baba Gambo yana da wata 'yar rediyo mai batir wadda ba ta taɓa barin tashar da ke saka kiran sallar Riyad. A ɗakin da babu taga, na'ura na gurnani, hedifon a kai, ba za ka ji ladanin unguwa ba. Kuma a wancan zamani in kiɗanka ya hau kan kiran salla ko da na numfashi ɗaya ne, wani maƙwabci zai ɗaga waya, shi ke nan ka ja wa kanka da masu biki. Da zarar mai gabatarwa ya fara gyara murya sai mu sauke kiɗa, ɗif, ko amarya ce a tsakiyar fili. Mata sun sani, babu mai ƙorafi. Akwai tashoshin da ke saka waƙoƙin Larabawa tun a lokacin, amma mu ba don nishaɗi muke kunna rediyo ba. Mai gadinmu ce.

Akwai wani yini da ba na mantawa, na jikar wasu Hausawa da kakanninsu suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. Matan gidan da yawa ba sa jin Hausa sai gaisuwa. Inna Kande ta turo mini saƙo cewa kakar amarya ta ce a sa mata kiɗan ƙwarya, irin wanda ta ji uwarta na yi da ƙwaryar wanke shinkafa tana ƙarama. Na saka. Sai na ji fili ya buɗe, duk taku ya ja baya, ya rage ƙafa biyu kacal, shuu, shuu. Waƙar gajera ce, ta zo ƙarewa tsohuwa ba ta da niyyar zama. Baba Gambo ya harare ni, ya ɗaga yatsa. Ba a yanke wa tsohuwa kiɗa tana fili, rashin kunya ne. Na kama ƙarshen waƙar na ɗinke shi da farkonta a daidai bugun ƙwarya, ba tare da ta ji ɗinkin ba. Na sake, na kuma sake, gumi na zuba mini a ido. Sai da jan ƙafar ya nufi kujeru sannan na bari ta mutu. Ranar ce Baba Gambo ya fara miƙo mini shayi da hannunsa.

Masu ba mu aiki kala-kala ne. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci sun fi kowa tsari, amma sukan zo da jerin waƙoƙi su ce a bi shi daki-daki, sai an shiga fili su manta da shi. Matan 'yan kasuwa a waya ake gama magana da su, kuma kullum da gargaɗi suke rufewa: "Malam Ilu, don Allah a rage murya, maƙwabcin nan ba shi da daɗi." Babu wadda ta san fuskata sosai, ni ma ban san tasu ba. Amma akwai matan da na sani da ƙafarsu. In wata Hajiya mai ɗingishi a hagu ta shigo fili, na san waƙar da take jira.

Sai shekarar kame ta zo, ƙarshen 2013, lokacin da aka tashi haiƙan a kan duk wanda yake aikin da ba shi ne a iƙamarsa ba. Gari ya yi tsit. Shaguna da yawa a Baɗaha suka ja ƙofa, mutane suka daina fita sai dole. Baba Gambo ya ƙi karɓar aiki na ɗan lokaci, amma akwai wani yini da aka daɗe da yi masa magana, na ɗiyar wani tsohon abokinsa, ya ce ba zai iya ba shi kunya ba. Iƙamarsa makiyayi aka rubuta, shi da bai taɓa koran akuya ba a ƙasar nan.

Bayan la'asar ne, kalangu na tashi, fili ya cika har kunne na zafi. Shi ke kan miksa, ni ina gefe da ɗayan hedifon. Sai taku ya ɗauke gaba ɗaya, a tsakiyar waƙa. Babu guɗa. Ba irin tsayuwar liƙi ba ce, kuma ba gajiya ba ce, don gajiya daga gefe take farowa. Kamar an ɗauke mata duka daga ƙasa. Na dubi Baba Gambo. Ya kashe kiɗa, ya fizge hedifon daga kaina.

"Tashi. Bi ta ƙofar baya, ka zagaya wajen motoci, ka shiga bas ka zauna a sitiyari."

"Baba, kayan fa?"

"Kai direba ne. Je ka ka zama direba."

"Kai fa?"

"Ilu, zan mare ka."

A wancan zamani duk inda mata suka taru za ka ga layin direbobi a waje, mu da 'yan Indiya da 'yan Sudan, wasu na barci a mota, wasu sun shimfiɗa kwali a inuwa suna shan shayi. Na faɗa cikinsu, na shiga bas na riƙe sitiyari. Ashe Inna Kande ce ta hango motoci ta ramin ƙofa ta ɗaga hannu, mata suka daskare kafin su ruga neman abaya. Askar, wato 'yan sandansu, suka bi layi suna duba kati. Wanda ya zo kaina ya karanta, ya dube ni, ya dubi sitiyari. "Sawwag?" Wato direba. Na ce na'am. Ya miƙo mini katina ya wuce. Ina nan zaune aka fito da Baba Gambo, wayar hedifon na reto a wuyansa. Ya wuce ta gaban bas ɗinsa bai ko kalli inda nake ba, don kada a gane ya san ni.

Ban ƙara ganinsa ba. An kwashe kayan duka, bas ɗin ma daga baya mai sunan da ke takardarta ya zo ya ɗauka. Yana Gusau yanzu, kunnuwansa sun yi nauyi, in na kira sai jikarsa ta riƙa maimaita masa abin da na ce. Abu ɗaya ne ya tsira. Bayan kwanaki Inna Kande ta tare ni a bakin wani kanti, ta zaro baƙar safar daga jakarta ta tura mini a hannu. Ta ce, "Ba su ɗaga kafet ba."

Na daɗe ban koma ba. Da ƙura ta lafa na haɗa nawa kayan ɗaya bayan ɗaya daga kasuwar tsofaffin kaya, ina aron a-kori-kurar wani mai sayar da ganye a Aziziya. Amma tun daga ranar ban sake zama a bayan bango da kwanciyar hankali ba. Kafin in jona waya ko ɗaya sai na fara duba ƙofar baya da inda direbobi suke taruwa. Tsoro nake aiki da shi, ba zan ɓoye muku ba. In taku ya ɗan yi rauni sai hannuna ya kai kan makunni da kansa.

Daga nan garin ya fara sauyawa a gaban idonmu. Masu sintiri suka ragu. Aka fara jin kiɗa a gidajen cin abinci. 'Yan'uwanmu masu aikin gini a Dir'iyya suka riƙa ba da labarin dandamalin da ake kafawa, da lasifikokin da sai da ƙugiya ake ɗaga su, maza da mata a fili ɗaya. Na ce to, Allah ya kawo mu, sana'a za ta fito daga ɗakin tukwane. Har na fara tunanin ranar da za a rubuta mini ita a kati.

Da aka halatta wa matan ƙasar tuƙa mota, ni na koya wa Ummu Fahad tuƙi, a wani fili da babu kowa bayan gari. Ranar da ta karɓo lasisi ta ce in zauna a gefe ta kai mu gida. Ta kunna rediyo ta ƙure murya. Kiɗan rawa ne mai duka a ƙirji, kuma da na saurara sai na ji bugun namu ne na can gida, an yanka an haɗa da na wasu. Muka hango shingen askar a gaba. Ban san sanda hannuna ya kai kan rediyon ba. Ta yi dariya ta ce, "Khalli, ya Ilyas. Bar shi." Askar ɗin ya leƙo, ya ga mace a sitiyari, ya yi mata barka, ya ɗaga mana hannu. Kiɗa na tashi muka wuce. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga.

Ba a daɗe ba Abu Fahad ya kira ni falo, ya zuba mini gahawa da kansa. Ya ce, "Ya Ilyas, ba ka yi mana laifin komai ba, wallahi. Amma mota ɗaya ba ta buƙatar direba biyu. Ka nemi wanda zai karɓi kafalarka kafin iƙamarka ta ƙare, zan sa hannu. In ba a samu ba, sai huruj."

Tun daga nan na zauna ina sauraron rediyon nan da kunnen sana'a, tunda yanzu ita ce ke faɗa wa 'yanmata abin da za su nema a biki. Abin da na ji ya tayar mini da hankali. Waƙoƙin gajeru ne, ba su da farko ba su da tsakiya, da zafinsu suke faɗowa. Tafi yana ciki, na'ura ta yi. Guɗa ma tana ciki, na'ura ta yi. Kiɗan da ya zo da tafinsa da guɗarsa, me ya bar wa mutane su yi? Na ƙwarya da kalangu wuri suke bari, ƙafa ce ke cikewa. Wannan a cike yake zuwa. Ga shi kuma Inna Kande ta tsufa ta koma Damagaram, kwandon wayoyi ya tafi tare da ita, don babu yarinyar da za ta yarda yanzu a raba ta da wayarta a ƙofa.

Kafin ta tafi ta haɗa ni da Hajiya Suwaiba, haifaffiyar nan ce mai takardar ƙasa, ta buɗe kamfanin shirya bukukuwa da lasisinsa da komai. Hajiya ta ce, "Inna ta yabe ka ƙwarai. Ina da wani yini a babban zaure ta hanyar Dir'iyya, dangin amarya ba sa son namiji a ciki. Ka yi mini shi. In ya yi kyau zan nemi hanyar mayar da kai ƙarƙashin kamfani." Wato zamana a ƙasar nan duka ya dawo kan yini ɗaya.

Na je da wuri. Ɗakin da aka ba ni har da kujera mai laushi da firji. Na kifa kunnen ƙasa a ƙarƙashin kafet, wata ma'aikaciyar zauren tana kallona kamar mai binne laya. Na duba ƙofar baya, don sabo. Aka fara lafiya. Na jawo manya da ƙwarya, suka fito, ba su da yawa amma sun fito. Na shiga na 'yanmata, taku ya zo sama-sama, yana zuwa yana ɗaukewa, abin da ban saba ji ba. Na daure. Bayan la'asar Hajiya ta turo saƙo cewa amarya na tafe, a saka waƙar da ta zaɓa, irin ta rediyo ce. Na saka, na ɗaga murya. Na ji taku ya taso daga kujeru ya cika fili, na ce alhamdu lillahi.

Sai ya ɗauke. Gaba ɗaya, a tsakiyar waƙa.

Na danna hedifon a kunne. Guɗa na tashi, amma ta cikin waƙar ce, daga ƙasa babu ko ɗaya. Zaure cike da mata, babu ƙafar da ke motsi. Sau ɗaya na taɓa jin irin wannan shiru a rayuwata. Ba zan ce muku na yi tunani ba, don ban yi ba. Na kashe amfilifaya, na fizge waya daga bango, na cire hedifon na jefar. Na bi ta ƙofar baya da gudu, na zagaya wajen motoci in faɗa cikin direbobi.

Babu direba ko ɗaya. Motoci ne jere a rana, a kulle, wata da gilashin mata a kan sitiyari, wata da kujerar jariri a baya. Matan da kansu suka tuƙo. Babu kwali a inuwa, babu butar shayi, babu wanda zan zauna kusa da shi in zama ba kowa ba. Na tsaya a tsakiyar filin ni kaɗai, dattijo da katinsa a hannu, ina jiran askar. Babu askar. Can sai na ji kiɗa ya dawo daga ciki, waƙar nan dai, daga farko. Wata yarinya ce ta jona wayarta.

Hajiya Suwaiba ta same ni a wurin. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam Ilu, lafiya? Amarya na tsakiyar shigowa fa."

Na ce, "Hajiya, ƙafa ce ta tsaya."

"Wace ƙafa?"

Na yi mata bayani, ina jin yadda maganar ke fita kamar ta wanda ya zautu. Sai ta buɗe wayarta ta nuna mini bidiyo. Ta bayan taro aka ɗauka, sai ƙeyar mata da gyale. Duk shekarun nan, wannan ne karo na farko da na ga filin da nake yi wa kiɗa. Mata ne tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowacce ta ɗaga waya sama da hannu biyu, ta kafe ƙafa don kada hoto ya girgiza. Waɗanda ba sa ɗauka sun ja gyale sun rufe fuska, sun maƙale a jikin bango don kada a ɗauke su. Amarya na tafowa a hankali tsakanin fitilun wayoyi, sai sauti ya mutu, kawuna suka juyo.

Ta ce, "Ai haka ake yi yanzu. Rawar ma in za su yi, ta kafaɗa ce da hannu, daidai abin da waya ke kamawa." Ta mayar da wayar jaka. "Ka yi haƙuri. Ba zan iya ɗaukar wanda zai gudu ya bar mini amarya a tsaye ba."

Na ce ta yi gaskiya. Na koma na naɗe wayoyina yadda Baba Gambo ya koya mini, a kan gwiwar hannu, ba a murɗawa. Sai da zauren ya watse na shiga na ɗaga kafet.

To kun ji. Shekara da shekaru ina tsoron a kore ni daga garin nan saboda an hana kiɗa, ga shi zan bar shi a shekarar da kiɗa ke tashi a kowace mota. Ba na yi muku baƙin ciki. Za ku yi aiki da fitila a kunne, da sunanku a jikin allo, babu kwalin tumatir. Abin da nake tsoro shi ne ku wayi gari kuna saka wa mutane kiɗa shekara goma ba ku taɓa tayar da ƙafa ɗaya daga ƙasa ba, kuma ba ku sani ba, don duk wanda kuka kalla yana murmushi a waya.

Da Nura ya dawo kwasar kayan, ya ga baƙar safar a kan katifa. Ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, "Kawu, wannan ta zubarwa ce?" Da na yi niyyar in saka ta a jakata. Sai na ce ya tafi da ita. Na nuna masa yadda ake kifa ta, da ramin da ake jona ta a miksa, ya saurara don ganin girmana. Na ce, "Ba sai kullum ba. Wani bikin dai, in ka tuna, ka sa ta a ƙarƙashin kafet. In ka ji ƙafa, ka kira ni a Funtuwa ka kara mini wayar in ji."